Ciwon sugan dattijo yakan faro tun yana cikin uwarsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, ina roƙon ku ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi tsokaci a kan yadda ake kawo wa jama'a labaran binciken lafiya, musamman waɗanda suka shafi abinci mai gina jiki, ciwon suga, allurar rigakafi da girman yara. Na daɗe ina lura cewa kafafen yaɗa labarai suna ɗaukar waɗannan abubuwa huɗu kamar babu abin da ya haɗa su. Ciwon suga ana tuna shi ne ranar 14 ga Nuwamba, a kira shi cutar manya da masu hali. Rigakafi sai annoba ta ɓarke ake neman likita ya yi bayani. Tamowa sai an samu hoton yaron da ƙasusuwansa suka fito. Maganar kaifin ƙwaƙwalwar yaro kuwa an bar wa malaman makaranta, bayan yaron ya riga ya wuce shekarun da aka fi iya yi masa wani abu. Alhali binciken da masana suka daɗe suna yi, suna bin mutane daga haihuwa har furfura, ya nuna cewa igiya ɗaya ce ta ɗaure su duka, kuma bakin igiyar yana cikin kwanaki 1,000 na farkon rayuwa, wato daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu.

Wani babban ɓangare na wannan ilimi ya fito ne daga tsofaffin littattafan ungozomomi. A gundumar Hertfordshire ta Ingila, Ethel Margaret Burnside, wadda ke shugabantar ungozomomi da masu ziyarar gidaje, ta sa tun daga 1911 a riƙa auna kowane jariri ranar da aka haife shi, a sake auna shi idan ya cika shekara, a rubuta ko nono ya sha ko madarar kwalba. Aka cika manyan littattafai da rubutun hannu, layi bayan layi, aka ajiye su shekaru da dama babu mai waiwayarsu. A shekarun 1980 Farfesa David Barker na Jami'ar Southampton da abokan aikinsa suka gano su, suka bi sawun waɗannan jarirai, waɗanda a lokacin wasu sun tsufa, wasu kuma sun riga mu gidan gaskiya. A 1989 suka buga sakamakon maza fiye da 5,600 da aka haifa tsakanin 1911 da 1930, inda aka ga cewa waɗanda suka fi ƙarancin nauyi suna da shekara ɗaya su ne suka fi mutuwa da ciwon zuciya. Bayan shekara biyu, tare da Farfesa Nick Hales na Cambridge, aka gwada jinin wasu daga cikin masu rai, 'yan shekara 59 zuwa 70. A cikin waɗanda aka haifa da nauyin kilo 2.5 ko ƙasa da haka, kashi 40 cikin 100 suna da ciwon suga ko suna bakin kamuwa da shi, amma a cikin waɗanda aka haifa da kilo 4.3 ko fiye, kashi 14 ne kacal.

Bayanin da Hales da Barker suka bayar a 1992 ya cancanci kowane mai karatu ya san shi. Idan abincin da ke isa ga ɗan tayi ta mabiyiya bai wadata ba, jikinsa yakan shiga tattali, ya fifita ƙwaƙwalwa, ya tauye ƙoda da hanta da tsoka da kuma gaɓar da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a cikin jini. Wasu daga cikin waɗannan gaɓɓai ba sa samun damar rama abin da suka rasa. Ƙananan matatun da ke cikin ƙoda, alal misali, ana gama halittarsu kafin haihuwa, don haka wanda ya zo duniya da kaɗan, da kaɗan ɗin zai rayu. Muddin mutum ya ci gaba da zama cikin ƙarancin abinci da aikin ƙarfi, wannan tattali yana iya yi masa rana. Matsalar tana tasowa ne idan ya girma ya koma zaman wuri ɗaya, abinci mai maiƙo da zaƙi ya yawaita a gabansa, domin jikin da aka gina don ƙaranci ba ya iya ɗaukar wannan nauyi. A birnin Pune na Indiya, Dakta Chittaranjan Yajnik ya nuna jariran da ake haifa ƙanana, marasa tsoka, amma kitsen jikinsu bai ragu kamar yadda nauyinsu ya ragu ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ƙasashen da suka yi fama da tamowa jiya su ne ke fama da ciwon suga yau, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na manyan da ke da ciwon a duniya suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. Kiran sa cutar masu kuɗi kuskure ne da ke sa talaka ya ƙi zuwa gwaji.

Mai hankali zai iya cewa jaririn da aka haifa ƙarami galibi ɗan talaka ne, kuma talaucin da ya bi shi duk rayuwarsa shi ya jawo masa ciwon, ba zaman ciki ba. Wannan tambaya ce mai ƙarfi, kuma amsarta ta fito daga wata masifa. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, daga ƙarshen 1944 zuwa watan Mayu na 1945, sojojin Jamus da suka mamaye Holan sun tare hanyoyin shigar abinci yammacin ƙasar, ga kuma tsananin sanyi da ya daskarar da hanyoyin ruwa. Rabon abincin da ake ba babban mutum a rana ya sauko ƙasa da kalori 1,000, har ya kai tsakanin 400 da 800 a lokacin da abin ya fi muni, alhali jiki yana buƙatar kusan 2,000 ko fiye. Kimanin mutum 20,000 ne suka mutu. Abin da ya sa wannan yunwa ta zama makaranta ga masana shi ne, ta auka wa al'ummar da ba ta saba da yunwa ba, an san lokacin da ta fara da lokacin da ta ƙare, kuma asibitoci ba su daina rubuta bayanan haihuwa ba. Da aka nemo waɗanda aka haifa a wani asibitin Amsterdam a wannan lokaci, aka gwada su suna da shekara 50, sai binciken da aka buga a 1998 ya nuna cewa waɗanda yunwar ta same su a tsakiya ko ƙarshen ciki jikinsu bai iya sarrafa suga kamar na waɗanda aka haifa kafin yunwar ko aka ɗauki cikinsu bayanta. Waɗanda ta sama a watannin farko kuwa an haife su da nauyi daidai, ido ba zai ga komai ba, amma daga baya sun fi ƙiba da ciwon zuciya. A 2008 aka gano cewa bayan shekara 60 alamar wannan yunwa tana nan a kan wata ƙwayar halitta mai kula da girma, idan aka kwatanta su da 'yan'uwansu uwa ɗaya uba ɗaya da ba ta same su ba.

Yawa ma yana barin tabo kamar yadda ƙaranci ke bari. A Birtaniya an ci gaba da rabon suga da awo bayan yaƙi har zuwa watan Satumba na 1953, kuma da aka ɗage dokar sai shan suga ya kusan ninkawa cikin ɗan lokaci. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2024 ya kwatanta mutane kimanin 60,000 da aka haifa gab da wannan lokaci da kuma bayansa, ya samu cewa waɗanda suka yi kwanakinsu 1,000 na farko a zamanin ƙayyade suga sun samu raguwar haɗarin ciwon suga da kusan kashi 35 cikin 100, hawan jini kuma da kusan kashi 20. Haka nan uwar da suga ya hau mata lokacin goyon ciki tana ɗura wa ɗan tayi abin da ya fi ƙarfinsa. A cikin al'ummar Pima ta jihar Arizona a Amurka an kwatanta 'ya'yan uwa ɗaya, wasu an haife su kafin ta kamu da ciwon suga, wasu bayan ta kamu, aka ga na bayan sun fi kamuwa da ciwon nesa ba kusa ba, alhali gadonsu ɗaya ne. Ke nan yarinyar da aka haifa ƙarama tana iya girma ta samu suga lokacin ciki, ta haifi wanda shi ma zai ɗauka. Gwajin suga da ake yi wa mai ciki tsakanin mako na 24 da na 28 aiki ne na kare mutum biyu, kuma ban cika ganin an ba shi ko sakin layi ɗaya a jarida ba.

Duk waɗannan bincike an yi su ne ta hanyar lura da abin da ya riga ya faru. Hujja mafi ƙarfi ita ce a shiga tsakani a gani ko za a canza makomar yaro, kuma an yi haka. Daga 1969 zuwa 1977 wata cibiyar binciken abinci ta Amurka ta Tsakiya ta zaɓi ƙauyuka huɗu a Guwatemala. A biyu ana ba mata masu ciki da yara wani abin sha mai kauri da ake kira atole, wanda aka haɗa da madara da sinadarin gina jiki, a sauran biyun kuma ana ba da ruwan zaƙi marar sinadarin gina jiki. Aka bi waɗannan yara shekara da shekaru. A 2008 aka ruwaito cewa mazan da suka sha atole kafin su cika shekara biyu suna samun ladan aiki da ya fi na takwarorinsu da kashi 46 cikin 100, matan kuwa sun ƙara fiye da aji ɗaya a makaranta, kuma maza da mata sun fi iya karatu. Waɗanda suka fara sha bayan shekara uku ba su samu wannan riba ta albashi ba. A 2018, da aka sake gwada su sun manyanta, haɗarin ciwon suga ya ragu da kusan rabi a tsakanin waɗanda suka sha tun suna ciki zuwa shekara biyu, ko da yake sun fi ƙiba. Wannan ɓangare na ƙarshe ma dole a faɗe shi, domin rahoton da ya ɓoye shi ya tauye gaskiya.

Binciken da ya fi taɓa zuciyata shi ne na Kingston a ƙasar Jamaika, wanda Farfesa Sally Grantham-McGregor ta jagoranta daga 1986. An ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24, aka raba su da ƙuri'a. Wasu aka ba su madara duk mako, wasu kuma aka riƙa tura musu ma'aikaciyar lafiya sau ɗaya a mako har shekara biyu. Ma'aikaciyar takan zo da kayan wasa da aka haɗa da tsofaffin robobi da ƙyallaye, da ɗan littafi mai hotuna, ta zauna da uwa da ɗanta kamar awa ɗaya. Takan nuna wa uwar yadda za ta kira sunan abin da yaron ya ɗauka, ta jira ya amsa, ta yaba masa idan ya saka ƙaramin abu cikin babba, sannan ta bar kayan a gidan har mako mai zuwa ta zo da wasu. Bayan shekara 20, kamar yadda aka buga a 2014, yaran da aka yi wa wannan ziyara suna samun kuɗin shiga da ya fi na waɗanda ba a yi wa ba da kashi 25 cikin 100, har sun kamo tsaransu da ba su taɓa tsumburewa ba. Amfanin madarar kuwa, wanda aka gani da farko, bai ɗore ba. Ƙwaƙwalwar yaro tana neman hira da wasa kamar yadda take neman abinci, kuma uwa marar ilimin boko tana iya ba shi wannan idan aka nuna mata.

Akwai masu cewa gajartar yaro gado ce ta ƙabila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna yara kusan 8,500 tsakanin 1997 da 2003 a Burazil, Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, dukkansu 'ya'yan gidajen da ke da abinci da tsafta, ana shayar da su nono, uwayensu ba sa shan taba, aka samu girmansu a shekarun farko kusan iri ɗaya ne. Daga nan aka fitar da ma'aunin girma na 2006 da asibitocin duniya ke aiki da shi. Da wannan ma'auni aka ƙiyasta cewa a 2022 yara miliyan 148 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, miliyan 45 sun rame, miliyan 37 kuma sun yi ƙiba fiye da kima. Ramammen yaro ana gane shi da ɗan tef ɗin da ake zagaya wa damtsensa, idan ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, an san rai yana cikin haɗari. Tsumburarren yaro kuwa yana wasa yana dariya, sai dai a ɗauka shekararsa ɗaya alhali ya kusa uku, shi ya sa ba ya shiga jarida duk da ya fi yawa.

A nan ne rigakafi ya shigo, domin tsumburewa ba daga rashin abinci kaɗai take zuwa ba. Tun 1968 Nevin Scrimshaw da abokan aikinsa suka bayyana yadda cuta da tamowa ke ciyar da juna: yaron da ya yi gudawa ko ƙyanda yakan ƙi cin abinci, hanjinsa ya kasa tsotse abin da ya ci, zazzaɓi ya ƙone ɗan abin da ya tara, sai ya fito da rauni, cuta ta gaba ta same shi a sauƙaƙe. Ƙyanda ta fi kowace cuta nuna haka. A 2019 aka gwada jinin yara 77 marasa rigakafi a Holan kafin su kamu da ƙyanda da bayan sun warke, aka ga cutar ta shafe tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na garkuwar da jikinsu ya riga ya tara a kan wasu cututtuka. Wato yaron ya tashi daga ƙyanda jikinsa ya manta abokan gabar da ya taɓa yaƙa, kuma wani bincike na 2015 ya nuna wannan rauni yana iya kai shekara biyu zuwa uku. Allurar ƙyanda ba ta yin wannan ɓarna. Ƙyanda kuma tana ƙarar da bitamin A a jiki, har ta kai ga makanta. Likitan ido Alfred Sommer ya je Indunusiya ne a kan matsalar dundumi, sai ya lura yaran da ke da ita sun fi mutuwa, kuma gwajin da ya yi a lardin Aceh, wanda aka buga a 1986, ya nuna ba da bitamin A duk wata shida ya rage mutuwar yara da kusan kashi ɗaya cikin uku. Saboda haka idan aka ɗiga wa yaro bitamin A a baki ranar da aka yi masa allura, aiki ɗaya ake yi ta hanya biyu.

Alƙaluman rigakafi sanannu ne, ba sai na tsawaita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin faɗaɗa rigakafi a 1974, a 1980 aka tabbatar da kawar da agana daga doron ƙasa, shan inna da ke kama yara kimanin 350,000 a shekara a 1988 yanzu nau'insa na asali ya rage a Afganistan da Pakistan kawai. Ƙiyasin da mujallar Lancet ta buga a 2024 ya ce rigakafi ya ceci rayuka miliyan 154 cikin shekara 50, kusan miliyan 94 daga ciki albarkacin allurar ƙyanda. Duk da haka a 2023 yara miliyan 14.5 ba su samu ko allurar farko ta jarirai ba, kuma ƙyanda ta kashe mutum fiye da 107,000 a wannan shekara, galibinsu ƙananan yara.

Malam Edita, abin da ya fi damuna shi ne yadda ƙaramin bincike mai tayar da hankali ke samun babban kanu, babban bincike mai kwantar da hankali kuma a wuce shi. A 1998 wani likita ɗan Birtaniya, Andrew Wakefield, ya buga rahoto a kan yara 12 kacal yana alaƙanta allurar ƙyanda ta haɗaka da lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga. Daga baya aka gano cewa lauyoyin da ke shirin kai masu yin allurar ƙara suna biyansa kuɗi, a 2010 mujallar ta janye rahoton, hukumar likitocin ƙasar ta soke lasisinsa. A Denmak an duba yara fiye da 537,000 a 2002, aka sake duba fiye da 657,000 a 2019, ba a ga wata alaƙa ba. Da aka yi ta raɗe-raɗin cewa allurai ne ke jawo wa yara ciwon suga nau'i na ɗaya, wanda jiki ke daina samar da insulin, masu binciken Denmak suka bi duk yaran da aka haifa a ƙasar daga 1990 zuwa 2000, kimanin 739,000, har da waɗanda ke da ɗan'uwa mai ciwon, suka buga a 2004 cewa babu bambanci tsakanin wanda aka yi wa allura da wanda ba a yi wa ba. Amma har yau maganar yara 12 ce ke yawo a wayoyin mutane. Ba ina cewa allura ba ta taɓa yin illa ba. A 1998 an amince da wani rigakafin gudawar jarirai mai suna RotaShield a Amurka, sai tsarin sa ido ya gano yana jawo shigewar hanji cikin hanji ga kusan jariri ɗaya cikin 10,000, aka janye shi a 1999, kuma waɗanda suka maye gurbinsa a 2006 sai da aka gwada kowannensu a kan jarirai fiye da 60,000. Iyaye suna da haƙƙin a gaya musu wannan labari ma, domin shi ne ke nuna musu cewa akwai masu ƙirga illa, kuma idan an gan ta ana dakatarwa.

Haka kuma ya kamata a riƙa kawo binciken da bai ba da abin da aka so ba. A Belarus an raba asibitoci 31 da ƙuri'a a tsakiyar shekarun 1990, aka bi uwaye da jarirai fiye da 17,000 domin a ga amfanin ƙarfafa shayar da nono zalla. Gudawa ta ragu, kuma yaran sun fi ƙwazo a gwajin basira suna da shekara shida da rabi, amma ba a ga raguwar ƙiba ba da suka girma. Nono ba ya buƙatar a yi masa ƙarin gishiri, tunda an ƙiyasta a 2016 cewa yaɗuwar shayarwa za ta iya ceton yara fiye da 800,000 a kowace shekara. Manyan gwaje-gwaje a Bangladesh da Kenya da Zimbabwe, waɗanda aka buga a 2018 da 2019, sun gina masai, sun raba sabulu da maganin tsaftace ruwa, amma tsawon yara bai ƙaru ba, ƙarin abinci ne kawai ya ƙara ɗan kaɗan. Wannan bai nufin tsafta ba ta da amfani, sai dai ya nuna cewa gyaran gida ɗaya a cikin unguwa mai ƙazanta bai isa ya raba jariri mai rarrafe da ƙwayoyin cuta ba, kuma masu tsara manufofi suna buƙatar jin haka kafin su kashe kuɗi.

Kada wanda aka haifa ƙarami ya karanta wannan wasiƙa ya yanke ƙauna, domin abin da aka gano ƙarin haɗari ne, kuma haɗari ana rage shi. A birnin Da Qing na ƙasar Sin an ɗauki mutum 577 da ke bakin kamuwa da ciwon suga a 1986, aka koya wa wasu gyaran cin abinci da motsa jiki na tsawon shekara shida, kuma bayan shekara 30 aka samu cewa ciwon ya jinkirta musu da kusan shekara huɗu, sun kuma fi tsawon rai. A Amurka gwajin mutum 3,234 da aka buga a 2002 ya nuna cewa rage kashi 7 cikin 100 na nauyin jiki da tafiya mai sauri ta minti 150 a mako sun rage kamuwa da kashi 58 cikin 100, alhali ƙwayar maganin suga ta metformin ta rage da kashi 31. Ana buƙatar wannan ilimi da gaggawa, ganin cewa masu ciwon suga a duniya sun tashi daga kimanin miliyan 200 a 1990 zuwa kimanin miliyan 830 a 2022, kuma fiye da rabinsu ba sa shan magani.

Roƙona gare ku shi ne, duk lokacin da wakilinku zai kawo labarin sabon bincike, ya gaya mana mutum nawa aka duba, shekara nawa aka bi su, a kan mutane aka yi ko a kan ɓeraye, an raba su da ƙuri'a ko lura kawai aka yi, da kuma wanda ya biya kuɗin aikin. Idan aka ce haɗari ya ninka, a faɗa mana daga nawa zuwa nawa, domin daga 1 zuwa 2 cikin 10,000 daban yake da daga 10 zuwa 20 cikin 100. Idan za a yi hira da likitan ciwon suga, a tambaye shi batun awon ciki da nauyin jariri, idan kuma da jami'in rigakafi ne, a tambaye shi batun girman yara. Sannan ina roƙon ku da babbar murya ku daina karɓar tallan masu cewa suna warkar da ciwon suga gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki. Kafin a yi wa Leonard Thompson, yaro ɗan shekara 14, allurar insulin a birnin Toronto a watan Janairu na 1922, yaron da ya kamu da nau'i na ɗaya da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu a raye. Har yanzu jikin irin wannan yaro ba ya samar da insulin, kuma idan iyayensa suka ga talla a jaridar da suka amince da ita suka dakatar masa da allura, yana iya suma ya rasa ransa cikin 'yan kwanaki.

Na gode da filin da kuka ba ni. Wassalam.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum